Jitar Jazzmaster da Jaguar: Kamfanoni Su Daina Mayar da Mai Saye Ɗan Gwaji

Saurayi ya daɗe yana tara kuɗi. Ya kalli bidiyon YouTube ba adadi, ya ga jitar nan mai karkataccen ƙugu a hannun mawaƙan Amurka da Ingila, ya ce lallai ita zai saya. Ya tura kuɗi, ya biya na dako, ya biya kwastan, ya zauna jira. Ranar da kwali ya iso ya buɗe, ya jona ta a amfilifaya, ya kaɗa da ɗan ƙarfi, sai tsirkiya mafi kauri ta zame daga mazauninta. Ya mayar da ita, ya sake kaɗawa, sai ga wata ziza kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Bayan kwana uku tsirkiyoyin sun sauka har suna gogar wuya, alhali ba wanda ya taɓa komai.

Wanda ke zaune a Landan ko Los Angeles zai mayar da ita shago, a duba masa ko a canja. Wanda aka aiko wa kaya Kano, Zinder ko Kumasi kuwa, kuɗin mayarwa kaɗai ya isa ya sa shi haƙura. Saura ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ya jingine ta a bango ta zama kayan ado, ko ya koyi gyara.

Gaskiyar magana, yawancin abin da ke damun irin wannan jita ba lalacewa ba ne, rashin saiti ne, kuma mutum zai iya magance shi a ɗakinsa da alanki da wayar hannu. Sai dai wannan bai wanke kamfanoni ba. Matsalar da aka sani fiye da shekara sittin, aka kuma san maganinta, bai kamata a ce har yau mai saye ne ke ƙarasa aikin da masana'anta ta bari ba.

Mece ce jita ofset?

Ofset suna ne da ake kiran jitar lantarki wadda ƙugunta biyu ba su yi daidai da juna ba, ɗaya ya ɗan yi gaba, ɗaya ya yi baya. Kamfanin Fender na jihar Kalifoniya ne ya fito da salon a 1958 da jitar Jazzmaster. Leo Fender ya yi niyyar jawo makaɗan jazz, waɗanda a zaune suke kiɗa, shi ya sa aka karkata jikin don ya zauna daram a cinya. A lokacin ita ce ta fi Stratocaster tsada. A 1962 aka fito da Jaguar, mai gajeren wuya, inda tsawon tsirkiya yake inci 24 maimakon inci 25.5 na Jazzmaster. Mustang ta biyo baya a 1964 a matsayin jitar ɗalibai.

Makaɗan jazz ba su karɓe ta ba. Samarin kiɗan bakin teku ne suka ɗauka, irin su ƙungiyar The Ventures da Carl Wilson na Beach Boys. Da yayinsu ya wuce sai kasuwar ta faɗi. Kamfanin CBS, wanda ya sayi Fender a 1965, ya daina ƙera Jaguar a 1975, Jazzmaster kuma a 1980. Jitocin suka koma shagunan gwanjo da araha, kuma a can ne mawaƙan da ba su da kuɗi suka tsince su: Tom Verlaine na Television, Elvis Costello, 'yan Sonic Youth, J Mascis na Dinosaur Jr., Kevin Shields na My Bloody Valentine, da Kurt Cobain na Nirvana. Su suka dawo da martabarta. Yau Fender na ƙera ta a Amurka da Meziko da Japan, reshensa mai araha Squier yana yi a Asiya, wasu kamfanoni da dama kuma suna kwaikwayon siffar.

Tun ran gini ran zane

Wanda bai san yadda aka tsara wannan jita ba zai ɗauka an cuce shi. Tushen rikicin yana wurin ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa kai, wanda a goge da garaya ake kira jaki. A Stratocaster, jakin da wurin ɗaure tsirkiya duk guri ɗaya suke, tsirkiya na sauka daga kan jaki ta lanƙwasa sosai ta shige cikin jikin jita. Wannan lanƙwasa ita ke danne komai ya zauna.

A Jazzmaster da Jaguar ba haka ba ne. An raba su biyu. Jakin yana tsaye kan ƙafafu biyu masu tsini a cikin wasu 'yan kofunan ƙarfe, ba a ɗaure shi da komai ba, nauyin tsirkiyoyi kaɗai ke riƙe shi. An yi haka da gangan, don idan aka danna hannun girgiza sauti, jakin ya yi lilo gaba da baya tare da tsirkiyoyi maimakon su riƙa gogarsa. Wurin ɗaure tsirkiya kuwa yana can baya, da tazara mai yawa. Saboda wannan nisa, tsirkiya ba ta lanƙwasa sosai bayan ta sauka daga jaki, don haka dannawar da take yi masa kaɗan ce.

A 1958 wannan ba matsala ba ce, domin tsirkiyoyin zamanin masu kauri ne, lamba 12 ko 13, kuma suna ja da ƙarfi. Da yawa daga jitocin wancan lokaci ma da ɗan weji a ƙarƙashin wuya suke fitowa daga masana'anta, wanda ke sa a ɗaga jakin sama. Yau kuwa akasari da lamba 9 ko 10 ake sayar da jita, saboda sun fi laushi a yatsun ɗan koyo. An rage ƙarfin da ke danne jakin, ba a canja jakin ba. Sakamakon shi ne abubuwa uku da kowa ke kuka da su. Tsirkiya na tsalle daga kan sirdinta, domin sirdin asali kamar jikin noti yake, tsagoginsa ba su da zurfi. 'Yan ƙananan sukurorin da ke riƙe tsayin kowane sirdi suna rawa, su ne ke ziza. Girgizar kiɗa kuma tana warware sukurorin a hankali har jakin ya nutse.

Duk mai rubuta manhaja ya san irin wannan. An gina tsari bisa wani zato, shekaru suka wuce, zaton ya canja, ba wanda ya koma ya gyara saitin farko. Manhajar ba ta lalace ba, an dai sake ta da saitin da bai dace da na'urar yau ba.

A raba matsala gida uku

Kafin mutum ya ɗauki sukurudireba, ko ya hau intanet yana zagin kamfani, ya kamata ya san wace irin matsala ce a gabansa.

Ta farko ita ce ɗabi'ar jitar. Jazzmaster ba ta riƙe sauti ya daɗe kamar Les Paul. Guntun tsirkiyar da ke bayan jaki yana yin wani amo nasa. Sautinta na da kaifi, saboda maɓallan murɗa ƙara da aka sa mata masu megaohm 1 ne, alhali na Stratocaster kilo-ohm 250 ne. Fikof ɗinta, wato maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya mai ɗaukar sauti, yana da faɗi kuma naɗi ɗaya ne, don haka yana jawo ƙugin lantarki. Waɗannan ba aibu ba ne. 'Yan Sonic Youth da gangan suke kaɗa bayan jakin. Kevin Shields ya gina sautin faifan Loveless na 1991 ne ta hanyar riƙe hannun girgiza yana kaɗawa a lokaci guda. Wanda ba ya son waɗannan, wata jitar ya kamata ya saya.

Ta biyu ita ce rashin saiti: lanƙwasar wuya, tsayin tsirkiya, sukurori masu rawa, jakin da ya kwanta gefe ɗaya. Wannan na gyaruwa a gida.

Ta uku ita ce ainihin aibun ƙira: wuyan da ya murɗe, firet da aka dasa wani ya fi wani tsayi, ramin kofin jaki da aka huda a karkace, waya da ba a liƙa da dalma da kyau ba. Wannan laifin masana'anta ne, kuma babu dalilin da zai sa mai saye ya ɗauki asarar.

Yawan rigimar da ake yi a kan waɗannan jitoci daga cakuɗa ukun nan take. Wani zai mayar da lafiyayyar jita saboda sukuru ɗaya na rawa. Wani kuma zai kashe wata biyu yana murɗa alanki a kan wuyan da ba zai taɓa miƙewa ba.

Gyaran gida, bi da bi

Jerin yana da muhimmanci, domin kowane mataki yana shafar na gaba. A canja abu ɗaya, a gwada, sannan a matsa. Wanda ya murɗa abu biyar lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Kafin a fara, a ɗauki hoton jakin da waya ta gaba da ta gefe, don a san inda aka taso.

Kayan aiki ba su da yawa: alanki, sukurudireba, rula mai milimita, kafo, da manhajar saita sauti kamar Fender Tune ko GuitarTuna. A lura da alanki: jitar da aka ƙera a Amurka ma'aunin inci take bi, ta Asiya kuma milimita. Wanda ya cusa alankin da bai dace ba zai cinye kan sukurun, ƙaramin aiki ya zama babba.

Mataki na ɗaya, tsirkiya. A sa lamba 11 zuwa 49 ko makamancinta. Jaguar da Mustang, saboda gajeren wuya, tsirkiyarsu ta fi saki, don haka lamba 11 a kansu tana jin kamar lamba 10 a doguwar jita. Wannan canji kaɗai yakan kashe rabin zizar.

Mataki na biyu, lanƙwasar wuya. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ke ja da tsirkiyoyi. A ɗora kafo a firet na farko, a danne tsirkiya mafi kauri a firet na ƙarshe, a duba tazarar da ke tsakaninta da kan firet na 8. Abin da ake nema kusan milimita 0.25 zuwa 0.3 ne. Wanda ba shi da ma'aunin tazara na makanikai ya yanki guntun tsohuwar tsirkiya lamba 10, kaurinta kusan milimita 0.25 ne. Idan tazarar ta yi yawa, a ƙara ɗaure sandar, wato a murɗa dama. Idan babu tazara sam, a sassauta. Kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya. A sake saita sauti, a ba itacen lokaci, a sake aunawa. Idan sandar ta cije, a tsaya. Karyewarta na nufin sabon wuya. A wasu jitoci masu tsarin da, bakin sandar yana gindin wuya ne, sai an sassauta wuyan kafin a kai gare shi.

Mataki na uku, weji. Shi ne maganin da ya fi kowanne tasiri, kuma shi mutane suka fi tsoro. A sassauta tsirkiyoyi, a kwance sukurori huɗun da ke bayan jita, a ɗaga wuyan, a sa ɗan siririn abu a cikin ramin ta ɓangaren da ke kusa da jaki, a mayar. Wuyan zai ɗan kwanta baya, tsirkiyoyi su sauka kan firet, dole a ɗaga jakin don a biya. Da jakin ya ɗaga, lanƙwasar tsirkiya ta bayansa ta ƙaru, dannawa ta ƙaru, ziza ta mutu. Ana sayar da wejin katako da aka fere daidai da ramin, mai digiri 0.25, 0.5 ko 1, kamfanin StewMac na Amurka na cikin masu yi. Yawancin jitoci digiri 0.5 ya ishe su. Guntun katin kasuwanci ma yana aiki don gwaji, sai dai masu gyara da yawa sun fi son wejin da ya cika ramin baki ɗaya, don kada a bar gurbi a ƙarƙashin wuya.

Mataki na huɗu, tsayin tsirkiya. A auna a firet na 17, daga kan firet zuwa ƙasan tsirkiya. Kusan milimita 1.6 zuwa 2 shi ne abin da aka saba farawa da shi. Da sukurorin ƙafafun jaki biyu ake ɗaga shi baki ɗaya, da na kowane sirdi kuma ake bin lanƙwasar fuskar wuya. A tabbata sukurori biyun kowane sirdi suna taɓa ƙasa daidai, domin wanda ke reto shi ke ƙara. A kuma leƙa ta baya: idan tsirkiya na taɓa leɓen jakin ko kan dogon sukurun da ke jan sirdi, a ɗaga sirdin sama, a sauke jakin ƙasa kaɗan. Daga ƙarshe a tsayar da jakin a tsakiyar kofunansa, kada ya jingina gaba ko baya.

Mataki na biyar, ɗan ƙashin da ke saman wuya, inda tsirkiyoyi ke bi ta tsagogi kafin su kai makunnan ɗauri. Idan ana jin ƙas lokacin saita sauti, ko sauti ba ya komawa daidai bayan an danna hannun girgiza, tsagar ce ke kama tsirkiya. A goga bakin fensir a ciki, garinsa na sa santsi. Idan tsirkiya mai kauri ta ƙi zama a tsagar, sai an faɗaɗa, kuma nan wurin taka-tsantsan ne: abin da aka kankare ba ya dawowa.

Mataki na shida, daidaiton sauti a tsawon wuya. A buɗe manhajar, a saita tsirkiya a sake, sannan a danne ta a firet na 12. Idan sautin ya haura, a ja sirdin baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, a tura shi gaba.

Mataki na bakwai, kulle sukurori. Bayan an san tsayin da ake so, a ɗiga musu shuɗin Loctite 242. Shuɗi, ba ja ba: jan ba ya kwantuwa sai da zafin wuta. Inda babu, jan farce marar launi ko farin tef na masu aikin famfo yana riƙewa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da suka rage. Siririyar tsirkiya takan warware daga gindinta, musamman inda take gogar kan sukurun farantin baya. Ɗigon dalma a kan naɗin gindin yana hana wannan. Hannun girgiza kuma yakan yi sako-sako ya faɗo, sai a ɗan matse bakin da ke riƙe shi daga ciki ko a naɗa masa tef.

Hunturu da wutar gida

Abubuwa biyu na damun mai jita a wannan yanki fiye da takwaransa na Turai. Na farko iska. Itacen jita ya fi son danshi na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Jitar da aka ƙera a ƙasa mai danshi kamar Indonesiya, ta keto teku, ta sauka arewa a tsakiyar hunturu inda danshi ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, dole itacenta ya tsuke. Ƙarfen firet ba ya tsukewa, sai bakinsa ya fito gefen wuya yana yankar hannu. Lanƙwasar wuya ma tana canjawa. Wannan ba laifin masana'anta ba ne kai tsaye. Maganinsa a ajiye jita a akwatinta, a sa ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji a gefe, kuma a sake duba wuya sau biyu a shekara, da shigowar hunturu da shigowar damina. Sabuwar jita a bar ta ta yi kwanaki a ɗaki kafin a fara saiti.

Na biyu lantarki. Fikof mai naɗi ɗaya yana jan ƙugi daga cajar waya, kwan fitila mai arha, inbata da janareta. A yawancin Jazzmaster, idan aka kunna fikof biyun tare ƙugin na raguwa sosai, domin an naɗe su saɓanin juna. Liƙa tef na jan ƙarfe a cikin ramukan waya, a haɗa shi da wayar ƙasa, yana taimakawa. Amma idan soket ɗin gidan ba shi da wayar ƙasa, ƙugin ba zai tafi duka ba, kuma maganar ta wuce ta sauti. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya. Idan amfilifaya ta samu matsala babu wayar ƙasa, jikin mai kiɗa ne hanyar wutar. Keith Relf, mawaƙin The Yardbirds, haka ya mutu a gidansa a 1976. Kada a karya ƙafar filogi ta uku don ta shiga soket. Wanda ya sayi amfilifaya daga Amurka kuma ya duba bayanta tukuna: can bolt 120 suke amfani da shi, Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230.

Alamomin da ke cewa a mayar

Akwai inda haƙuri ba shi da amfani. A ɗaga jita a kalli wuya daga kai zuwa gindi kamar mai auna miƙewar katako. Idan gefe ɗaya ya lanƙwasa fiye da ɗaya, wuyan ya murɗe. A ɗora gefen katin ATM a kan firet uku a jere, idan yana lilo, na tsakiya ya fi tsayi. Ɗaya ko biyu mai gyara zai daidaita, amma idan wuyan duka haka yake, aikin banza aka yi. A duba tazarar tsirkiyar farko da ta shida daga bakin wuya. Idan ɗaya na neman faɗowa, a fara sassauta sukurorin wuya a ɗan gyara zamansa. In hakan bai yi ba, ko an huda ramin jaki a karkace, ko an sa jaki mai faɗin milimita 56 a wuyan da 52 ya dace da shi. Sandar wuya da ke juyawa ba ta kama komai, ko wadda ta zo a ɗaure ƙarshe, ita ma dalilin mayarwa ce.

Duk wannan a yi shi ranar farko, kafin a kwance sukuru ko ɗaya, domin mai sayarwa na iya cewa mai saye ne ya ɓata. A ɗauki bidiyon buɗe kwali daga farko har ƙarshe ba yankewa. A dandalin sayayya na intanet, wannan bidiyon shi ne shaida.

Hujjar kamfanoni, da inda ta tsaya

Masu kare kamfanoni na da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa saiti aikin hannu ne mai cin lokaci, idan aka yi wa kowace jita mai araha, ba za ta ƙara zama mai araha ba. Suna cewa ko an saita a masana'anta, tafiyar teku da canjin iska za su ɓata. Suna kuma cewa tsirkiya mai kauri na korar 'yan koyo, kuma masu son tsarin da za su yi bore idan aka taɓa jakin asali.

Maganar lanƙwasar wuya da tsayin tsirkiya gaskiya ce, waɗannan na motsi da yanayi, kuma kowace jita a duniya tana bukatar a duba ta bayan ta iso. Amma kusurwar ramin wuya ba ta canjawa a jirgin ruwa. Inji mai kwamfuta ne ke fafe ramin, ƙara masa rabin digiri canjin lamba ɗaya ne a fayil. Sukurun da ya yi wa raminsa ƙanƙanta ba iska ta rage shi ba. Ɗigon gam a kan sukuru bai kai kuɗin kwalin da aka naɗe jitar ba.

Kuma Fender da kansa ya nuna ya san maganin. A jerin Classic Player na 2008 ya matso da farantin baya kusa da jaki, ya sa wani jakin daban. Jaguar mai sunan Johnny Marr, ta 2012, ta zo da sirdi irin na Mustang mai tsaga ɗaya mai zurfi, da 'yan robobi da ke hana ƙafafun jaki sauka. Jerin American Professional na 2017 da Squier Classic Vibe na baya-bayan nan duk sun koma sirdi irin na Mustang. Wannan ci gaba ne, a yaba. Abin tambaya shi ne me ya sa har yanzu sai an yi sa'a, musamman a jitocin kwaikwayo marasa suna da suka cika kasuwannin intanet, waɗanda suka kwafi siffar har da matsalolinta, ba su kwafi ko ɗaya daga gyaran ba.

Akwai kasuwa guda da ta tsiro a kan wannan giɓi. Mastery a Minneapolis da Staytrem a Ingila suna ƙera jaki na musamman don waɗannan jitoci, kuma aikinsu na da kyau. Sai dai jakin Mastery na iya cin kusan rabin kuɗin sabuwar Squier. Wanda ke lissafi da naira ko sefa ya fara da tsirkiya, weji da gam. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. In ba ta ƙare ba, jakin Mustang mai araha na nan, a dai tabbata lanƙwasarsa ta dace da ta wuya, domin na da inci 7.25 ne, yawancin na yanzu kuma 9.5. Akwai kuma wani ƙarfe da ake kira Buzz Stop mai danne tsirkiya a bayan jaki. Yana kashe ziza, amma yana ƙara wurin guga, yana kuma rage amon bayan jakin da ya sa mutane ke son jitar tun farko.

Abin da ya kamata

Kamfanoni su fafe ramin wuya da kusurwa, su sa sirdi mai riƙe tsirkiya, su kulle sukurori, su sa takarda ɗaya a kwali mai bayanin yadda wannan jaki ke aiki. Masu sayar da waya sun daɗe da gane cewa na'urar da ta ba mutum haushi a rana ta farko ta rasa shi har abada. Ɗan koyon da jitarsa ke ziza ba zai ce jaki ne ba, zai ce shi ne bai iya ba, ya ajiye.

Mai saye kuma ya koyi na'urarsa. Jitar Fender da sukurori aka haɗa ta, an yi ta ne don a kwance a ɗaura, ba kamar wayar zamani da aka liƙe da gam ba. Mdou Moctar na Nijar, wanda yau ke zagaya duniya da kiɗa, jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Wanda ke da alanki, rula da manhaja a aljihu ya fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma idan wuya ya murɗe ko rami ya karkace, a rufe kwali, a tura bidiyo, a nemi kuɗi.